Jinin Direba a Katin Farfesa

An taɓa yin wani bawan Allah, masinja a wata jami'a, a wani gari da ba sai na kama sunansa ba. Tun zamanin da ake buga takarda da tafireta ne, kafin wayoyin nan su zo su cinye muku hankali. Kai mai farar hula, da kai nake, mayar da ita aljihu, wanda ya kira ka zai sake kira. Na san an idar da azahar kowa na ɗokin komawa ofis, amma tunda na ga an manna sanarwar makon duba lafiyar ma'aikata a ƙofar masallacin nan, ba zan bar ku ku tashi ba sai kun ji wannan.

Mutumin nan ana ce masa Baba Cindo. Shekara ashirin da shida yana aiki ɗaya: ya ɗauki takarda daga wannan ofis ya kai wancan, ya dafa wa manya shayi, ya kwashe kwandon shara. Bai yi boko mai zurfi ba, amma yana iya karanta sunan da ke bayan ambulan. Jami'a ta ba shi ɗaki biyu a kwatas ɗin ƙananan ma'aikata, nan yake zaune da matarsa da marayun ƙaninsa su uku. Ba shi da gona, ba shi da gida a cikin gari. Aikin nan shi ne rufin asirinsa, in ya rasa shi ya rasa ɗakin, in ya rasa ɗakin kuwa bai san inda zai kai marayun nan ba.

Ofishin da yake yi wa hidima na wani ne da ake kira Farfesa Haliru, shugaban tsangaya guda. Ba zan yi masa ƙarya ba, mutum ne mai ilimi, hannunsa kuma a sake yake, da salla har yadi yakan raba wa na ƙasa da shi. Sai dai yana da ciwon da da yawanmu a nan muke fama da shi, wato yana ganin lokacinsa ya fi na kowa daraja.

To, wata shekara aka yi rashin ma'aikata biyu a wata guda. Ɗaya ya faɗi a aji yana koyarwa, ɗaya aka tarar da shi a kan kujerarsa. Hankalin hukumar jami'a ya tashi, aka kafa doka cewa duk ma'aikacin dindindin sai ya je asibitin jami'a an ɗebi jininsa da fitsarinsa, a kai babban asibiti a duba. Akwai kuma wata 'yar takarda ta labaran ma'aikata da ake bugawa duk wata, inda ake sa wa ya samu ƙarin girma, wa ya samu ƙaruwa, wa ya riga mu gidan gaskiya. Aka ce duk wanda bai je awon ba za a buga sunansa a ciki kowa ya gani. Niyya ce mai kyau, ko ba haka ba? To ku saurara ku ji abin da ɗan Adam ya yi da ita.

Masu ɗibar jinin aro su aka yi daga babban asibitin gari, ba su san fuskar kowa ba. Kati kawai suke karɓa, katin kuma babu hoto. Layi kuwa tun daga ƙofar asibiti har gindin darbejiya, ga rana ta take. Manya suka leƙa suka ga za su tsaya bayan masu shara da masu gadi, suka kuma tuna ba sa son sunansu a takarda. Sai wani mai wayo a cikinsu ya miƙa wa mai ban ruwan fulawa katinsa, ya ce je ka a ɗebi naka da sunana. Kafin kwana uku abin ya zama ruwan dare. Galibi ma'aikatan wucin gadi ake turawa, domin su ba su da kati, ba sa cikin waɗanda aka ce a auna, ko ciwon kai ne ya kama su asibitin jami'a ba ya karɓarsu. Har raha ake yi da abin wajen shan shayi, wannan ya ce shi mai gadi ya tura, wancan ya ce shi kuku. Masu digiri uku-uku fa nake gaya muku, jama'a!

Ranar Laraba Farfesa Haliru ya kira Baba Cindo, ya miƙa masa kati ko kallonsa bai yi ba, ya ce ya je ya bi layi da shi. Dattijon nan ya riƙe katin da hannu biyu, ya ɗan rusuna, ya ajiye shi a kan tebur.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ka aike ni ko'ina, ko a ƙafa ne zan je. Amma in tsaya gaban mutum in ce masa ni ne kai, wannan ba zan iya ba."

Farfesa ya zare tabarau ya dube shi, ya yi dariya, ya ce ashe liman ne da shi a ofis bai sani ba. Bai ma ji haushi ba a lokacin. Ya leƙa taga ya kira direbansa Rabilu, ma'aikacin wucin gadi, magidanci mai 'ya'ya biyu, mutum mai barkwanci. Rabilu ya karɓi kati da murna, har babbar riga ya aro don ya yi kama da manya. Da ya dawo da auduga a hannu ya tarar da Baba Cindo a baranda, ya ce masa yau dai an kira shi Farfesa har sau uku, kuma wannan tsoron Allah na Baba wata rana sai ya hana shi cin tuwo. Baba Cindo ya yi murmushi ya ci gaba da aikinsa.

Bayan mako biyu sakamako ya dawo. Baba Cindo ne ya ɗauko ambulan na tsangayarsu daga asibiti ya rarraba. Na Farfesa shi kaɗai ne da jan hatimi. Farfesa ya farke ya karanta, an rubuta masa cewa an ga abin da ba a so a jininsa, ya zo asibiti ba tare da ɓata lokaci ba. Kun san abin da ya yi? Dariya ya yi. Ya ce su likitoci da tsoratarwa, ai wannan ba jininsa ba ne. Ya cukuikuye takardar ya jefa a kwandon shara, ya ci gaba da rubutunsa.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni duk lokacin da na zo nan a labarin sai tsigar jikina ta tashi. Ba mugunta ce ta sa shi ba, ku fahimce ni. A ransa tunda jinin ba nasa ba ne, to magana ta ƙare. Ko kaɗan bai zo masa ba cewa jinin nan daga jikin wani aka zuƙo shi, kuma mai jikin yana nan a waje yana wanke masa mota.

Baba Cindo yana tsaye da farantin shayi. Ya ce, "Ranka ya daɗe, in ba naka ba ne, ai na wani ne."

Nan fuskar Farfesa ta sauya, domin sai a lokacin ya gane. Ya tashi ya rufe ƙofa. Ya ce wa dattijon ya ji, ya kuma gode, zai san yadda zai yi ya kai Rabilu wani asibiti a cikin gari in ayyuka sun lafa. Amma a yanzu ana shirin zaɓen mataimakin shugaban jami'a, sunansa na cikin waɗanda ake dubawa, in aka ji ya tura direba ya yi awo a madadinsa, shi ke nan an gama da shi. Sannan ya rage murya ya ce, "Cindo, abin da aka faɗa a ofishin nan in ya fita, kai ma ka fita. Da aikin da ɗakin."

Baba Cindo ya fito, ya nufi inda Rabilu ke wanke mota. Sai a ranar ya dube shi da kyau. Ya ga ya take bayan takalminsa saboda ƙafafun sun kumbura ba sa shiga, ya ga fuskarsa ta yi suntum. Ya ja shi gefe ya gaya masa abin da ke cikin takardar. Rabilu ya ƙaƙalo dariya ya ce ƙiba ce, matarsa ce ta iya girki. Da Baba ya matsa masa, sai ya daina dariyar. Ya ce shi ba shi da kati, in ya je asibiti da wane suna zai shiga? In ya ce shi ne ya ba da jinin Farfesa, kafin la'asar an karɓe makullin mota, domin ɗan wucin gadi ko takardar sallama ba a rubuta masa. Ya riƙe hannun dattijon ya ce, "Baba, don girman Allah ka rufa mini asiri, kada ka raba ni da abincin 'ya'yana."

Kun ga inda bawan Allah ya tsinci kansa. Mai gida ya ce ka yi shiru, mai ciwon ma ya ce ka yi shiru. Ya koma gida ya gaya wa matarsa, ita ma ta ce ya dubi marayun nan, tunda Farfesa ya ce zai kai shi asibiti, a bar shi ya kai shi mana.

Kuna jira in ce muku nan take ya ruga asibiti? Bai ruga ba. Ba mala'ika nake ba ku labari ba, mutum ne kamar ni da ku, kuma tsoro ya kama shi. Kwana shida ya yi yana jan ƙafa. Kullum in ya kai shayi sai ya tuna wa Farfesa, kullum Farfesa ya ce gobe. Ranar Litinin akwai taron majalisa, ranar Talata akwai baƙi, kuma Rabilun da za a kai asibiti shi ne ke jan motar zuwa taron. A cikin kwanakin nan har jana'iza Baba Cindo ya je, ta wani mai ban ruwan fulawa da ake ce wa Malam Nomau, wanda ya yanke jiki ya faɗi da tiyo a hannunsa. Aka yi masa salla aka kai shi, kowa ya ce Allah ya ji ƙansa, aka watse.

A kwana na bakwai aka aiki Baba Cindo asibitin jami'a ɗauko takardu. Babbar ma'aikaciyar jinya ta wurin, Sista Asabe, mace mai kirki wadda ta daɗe da saninsa, ta kira shi ciki ta miƙa masa wani ambulan mai jan hatimi, na biyu ke nan. Ta ce ta rasa gane kan Farfesa Haliru, an aika masa ya yi biris. Ta ce ba huruminta ba ne ta faɗa wa wani abin da ke jikin mutum, amma don Allah ya roƙe shi ya zo yau, ba gobe ba, domin mai wannan jinin yana tafiya ne a bakin rami. Sannan ta tambaye shi, ya tabbata takardar farko ta shiga hannun Farfesa?

Dattijon nan ya tsaya da ambulan a hannu. Da a ce ya ce mata e, ta shiga, ya juya ya fita, da bai yi ƙarya ba, kuma da ya kwana a ɗakinsa har ya yi ritaya. Ya san haka sarai. Ya dubi ƙofa, ya dubi Sista, ya ajiye ambulan ɗin a kan teburinta.

Ya ce, "Sista, takarda ta shiga hannunsa. Amma jinin nan ba na Farfesa ba ne. Na direbansa ne, Rabilu. Yana can bakin ofis, ƙafafunsa sun kumbura."

Sista Asabe ta nemi kujera ta zauna. Tambaya ɗaya ta yi masa: Farfesa Haliru kaɗai ne ya yi haka? Ya ce shi bai ƙirga ba, amma duk jami'ar an sani, in ban da su na asibiti. Ta jawo aljihun tebur ta fito da wata takarda ta shimfiɗa. Sunaye goma sha ɗaya, duka manya, duka an aika musu da jan hatimi, kuma babu ko ɗaya da ya zo. Ita da likita suna ta cewa girman kai ne irin na manya. Ashe duk su goma sha ɗayan sun karanta, kowa ya ce ba jinina ba ne, ya ajiye.

Jama'a, ku yi tunanin wannan. Mutum goma sha ɗaya suna yawo a cikin jami'a da ciwo mai kisa, suna shara, suna gadi, suna tuƙi, likita ya gano ciwon, maganin yana nan, amma an rubuta shi da sunan wani mai ƙoshin lafiya.

Aka kira babban likita, aka tura mota aka ɗauko Rabilu yana turjewa yana cewa Baba ya cuce shi. Da aka duba shi, ƙodarsa ce ta kusa tsayawa. Ranar aka ba shi gado. Likita ya ce da an ƙara mako biyu, da sai dai wani zancen. Daga nan aka bi sauran manyan ofis-ofis, ana tambayar kowa wa ka ba katinka. Wasu suka faɗa kansu a ƙasa, wasu sai da aka yi da gaske, wani ma wallahi ya manta sunan wanda ya tura, sai cewa ya yi wani dogo ne mai gadin ƙofar baya. Bayan Rabilu, aka nemo mutum tara aka fara yi musu magani. Na goma sha ɗayan ba a same shi ba, domin shi ne Malam Nomau, mai ban ruwan fulawa, wanda aka binne kwana uku kafin nan. Shi kuma babban da Nomau ya ɗaukar wa kati, ya je gaisuwar mutuwar, ya zauna a kan tabarma ya ce wa iyalinsa kwana ne ya ƙare, alhali takardar mai jan hatimi tana cikin aljihun teburinsa. La haula wa la ƙuwwata illa billah.

To me aka yi wa Baba Cindo? Na ga wasunku sun gyara zama, kuna jira in ce an tara jama'a an ba shi lambar yabo. Ba a ba shi ba. An kafa kwamiti, kuma 'yan kwamitin rabinsu sun ba da katinsu su ma. Manya aka rubuta musu takardar jan kunne, aka rufe maganar don kada sunan jami'a ya ɓaci. Shi kuma aka same shi da laifin fitar da sirrin ofis, aka yi masa ritayar dole, aka ba shi wata guda ya tashi daga ɗakin. Farfesa Haliru da aka tilasta masa ya je awon da kansa, lafiyarsa ƙalau, ko mura babu. Abu ɗaya dai aka gyara, daga shekarar aka fara ba 'yan wucin gadi kati da hoto, aka kuma ɗauki nauyin jinyar waɗanda aka gano.

Baba Cindo ya kwashe 'yan komatsansa a amalanke, ya koma zauren wani ɗan'uwan matarsa a bayan gari, ya kama saƙar tabarma da ya koya tun yana yaro. Sun sha wuya, ba zan ɓoye muku ba, amma Allah bai bar su sun kwana a titi ba, marayun kuma duk sun tashi. Rabilu ya yi wata biyu a kwance, ya tashi, ya rayu har ya aurar da 'ya'yansa. Ranar da aka sallame shi, kafin ya je gidansa sai da ya sa aka kai shi zauren nan. Ya durƙusa gaban dattijon yana kuka, yana neman gafarar baƙar maganar da ya gaya masa, yana cewa saboda shi Baba ya rasa aiki da muhalli, yanzu da wane ido zai dube shi.

Baba Cindo ya ɗaga shi ya zaunar. Ya ce, "Rabilu, aiki da ɗaki ban taɓa kwana da su a raina ba, wanda ya ba ni su shi ya karɓa. Abin da ke hana ni sukuni kwana shidan nan ne da na yi ina jin tsoro. Da ranar farko na faɗa, da an nemo Nomau yana da rai. Ni na ɗauki makararsa da hannuna, maganar da za ta kai shi gaban likita tana cikin bakina."

Kun ji mutumin kirki. Mutum goma sun tsira ta dalilinsa, shi kuma har ya koma ga Allah guda ɗayan da bai tsira ba yake tunawa yana istigfari. Mu kuwa in muka yi alheri ɗaya sai mun ishe mutane da labarinsa.

Abin da nake so ku tashi da shi, ƙaryar da muke rainawa, wadda muke ce wa dabara, ko sauƙaƙa wa kai, ita ce ke kashe mutum ba tare da an ga jini a hannun kowa ba. Babu ɗaya daga cikin manyan nan da ya yi niyyar cutar da wani, layi kawai suka ƙi bi. Gaskiya kuma tana da lokaci, in ka riƙe ta har lokacinta ya wuce, ko ka faɗe ta daga baya akwai abin da ba za ta dawo da shi ba. Kwana yana hannun Allah, babu mai musun wannan, amma Allah zai tambaye ka abin da ka sani ka yi shiru.

Saboda haka ranar Litinin in an buɗe awon nan, kowa ya ɗauki ƙafarsa ya je da kansa, jikinka amana ne ba a wakilta shi. Kai babba, in ka koma ofis yanzu, ka ɗaga kai daga kan takarda ka dubi wanda ke kawo maka shayi, ka dubi idonsa, ka dubi ƙafarsa, ka tambaye shi lafiyarsa ka tsaya ka ji amsa. In ba ka san cikakken sunansa ba, ka ji kunya ka tambaya yau. Kai kuma ƙarami, wanda ka san wata magana da ran wani ya rataya a kanta, kana cewa bari gobe, ina roƙonka kada ka kai ta la'asar.

Allah ya ba mu lafiya mai amfani, ya ba mu ƙarfin zuciyar faɗin gaskiya a kan kari, ya kuma tsare mu da zuwa lahira da haƙƙin wanda ba mu ma san mun cuta ba. Ku tashi, aiki na jiranku.